Saƙon da Basillata Ta Ƙi Ɗinkewa

Buhun farko da na ɗinka a unguwar Naif ta Dubai, Mma Adiza ta sa reza ta farke shi a gabana, tun daga baki har gindi. Takalma suka zube a ƙasa. Ni kuwa rabin yini na ɓata a kansa, yatsuna duk sun yi jawur.

"Sake," in ji ta. Ko kallona ba ta yi ba.

Na ce, "Mma, me ya yi?"

Ta ɗauko wani takalmi mai tsini, ta nuna mini inda dunduniyarsa ta fara huda fuskar ɗan'uwansa. "Ei! Daga sikeli zuwa bango kawai ya yi tafiya, dubi abin da ya yi. To ina ga ya yi wata da kwanaki a kan teku?"

Saboda ku nake rubuta wannan, ku 'yan matan da ke sauka yanzu da bizar ziyara, kuna leƙowa shago kuna cewa, "Anti Zuwaira, a sama mana aikin kago mana, ai salatif ne kawai da buhu." Ni karatuna bai wuce firamare ba, rubutun nan ma ran Juma'a nake yin sa kaɗan-kaɗan, 'yata Nana tana jan mini biro. Amma ina da ido, kuma abin da na gani zan faɗa.

Ga yadda aikin yake. Ɗan kasuwa ya sauka daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya kama ɗaki a ƙananan otal-otal ɗin Al Buteen, ya yini yana zagaya lungunan Naif yana sayen abaya da takalma da jakunkuna. Masu amalanke su turo kayan shagonmu. Mu auna, mu shirya, mu ɗinke, mu rubuta suna da gari. A kwashe zuwa sito, a loda a kwantena, tirela ta ja ta zuwa tashar Jebel Ali, jirgin ruwa ya ɗauka sai Legas ko Kwatano. Kwantena ɗaya ba ta mutum ɗaya ba ce, haɗaka ake yi, kayan mutane da yawa a ciki guda. Ku riƙe wannan: abin da ya sami buhu ɗaya, kowa ya samu.

Ban zo Dubai don aiki ba. Mijina Habu na biyo a 2009, da cikin Nana, lokacin yana tuƙa tirela. Ban daɗe da haihuwa ba kamfaninsu ya rufe. Bizarsa ta mutu, tawa da ke jingine da tasa ta bi ta. Muna cikin haɗa kaya sai Allah ya kawo Hajiya Saude, maƙwabciyarmu ce a Fagge, babbar 'yar kasuwa, kuma yayar Alhaji Ɗanjuma mai shagon kago. A gabana ta ce da shi, "Ɗanjuma, ka sa yarinyar nan a takardar shagonka, ita da jaririyarta. Idan duk suka koma, me za su ci?" Alhaji ba ya musu da yayarsa. Habu ya koma Kano da niyyar dawowa bayan wata biyu, har yau bai samu hanya ba. Tun daga lokacin basillar nan ke ciyar da mu, nan da can. Fasfona da na Nana suna hannun Alhaji, shi yake sabunta mana zama idan lokaci ya yi.

Kayan aikin ba su da yawa. Basilla, zaren leda, reza, salatif, maka ta rubutu, sikeli, sai ledar naɗi. Amma kafin Mma Adiza ta ba ni basilla sai da ta kama hannuna ta yanke mini farce ƙurmus, wai farce yana jan zaren mayafi. Ita 'yar Zangon Kumasi ce, ta girme wa mahaifiyata, ta yi aikin nan tun shagunan kago ba su fi a ƙirga da hannu ba. Jakar nan mai zane-zane da muke kira Gana-mas-go, idan kika faɗi sunan a gabanta ranar ba ki da sukuni. "Jakar Najeriya," haka take ce mata. "Ku ne kuke yawo da ita yanzu, ba mu ba."

Kowace mai ɗinki tana da launin zarenta. Na Mma shuɗi, ni ta ba ni ja. Idan aka farke buhu a Kano aka tarar da ɓarna, zaren za a duba a san hannun wa. Kuma doka ɗaya ta dasa mini, tana maimaita ta kamar karatun allo: "Abin da hannunki bai shiga ba, kada basillarki ta shiga."

Wata Hajiya daga Zariya ta taɓa kawo abayoyi masu duwatsu a ƙirji, ta ce a danna su a buhu kawai, sauri take, jirginta da yamma. Mma ta ce yalla, ta tafi, za a yi. Da ta fita sai muka zazzage su duka. Abaya mai dutse ciki ake juya ta, dutse ya kalli dutse, in ba haka ba kafin ta isa ta yage ta kusa da ita. Takalmi a raba shi da kwalinsa, kai da ƙafa ake jera shi, kwalayen a ninke su daban. Jakar hannu a cusa mata gyale don kada ta lotse. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama, wannan ko yaro ya sani. Abin da ba ku sani ba shi ne kwantena tana gumi. Ƙarfe ne, da rana ya ɗauki zafi kamar tanda, idan jirgi ya shiga sanyi sai laimar da aka rufe a ciki ta taru a rufi ta riƙa ɗiga kamar yayyafi. Idan kin shirya kaya a watan zafi, iskar garin nan da kanta jiƙaƙƙiya ce. Shi ya sa muke shimfiɗa leda a cikin buhu, mu jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima, kuma ba ma yarda a loda atamfa ta taɓa rufi. Na ga lesi mai tsada ya isa Kano da fumfuna kamar tsohon burodi. Ba zarena ba ne, amma na ga hoton, kwana na yi ina juyi.

Akwai wani dattijo masunci daga Yawuri da ya zo sayen injin kwale-kwale da raga. Injin na hannu ne, an taɓa aiki da shi. Mma ta sa aka kwance shi aka tsiyaye mai da baƙin mai tas, aka bar shi ya sha iska, sannan muka naɗe. Dattijon ya ce ɓata lokaci ne, ɗan man da ya rage ai kyauta ce. Mma ta ce a tasha ba sa wasa da ɗigon mai. Washegari ya dawo yana ta dariya, ya je kasuwar kifi ta Deira ya ga ma'aikata suna bi tebur-tebur suna auna tsawon kifi, wanda bai kai ba a hana sayarwa.

"Hajiya," ya ce da Mma, "garin nan kifi ma yana da biza!"

Muka yi dariya. Sai kuma ya shafa ragar da ya saya, ya ce a wajensu raga mai ƙananan ido ta kwashe har 'ya'yan kifi, yanzu sai mutum ya yini a ruwa bai cika ƙwarya ba. Ya koma ya canza ragar da mai manyan ido. Ni na ɗinke ta.

Yanzu bari in gaya muku al'adar saƙo, don ita ce ta kusa cinye mu. Kun san mu. Ba wanda zai aika kaya gida ba a liƙa masa saƙo ba. Ɗan ƙulli ne, a ɗinke cikin farin ƙyalle ko a naɗe da salatif, a ce, "A sa mini wannan a bakin buhun wance, na Gwaggo ne." Saƙo ba a auna shi, ba a tambayar abin da ke ciki, balle a buɗe. Amana ce. Wanda ya tambaya ya nuna bai yarda da kai ba, kuma maganar za ta riga shi isa Kano.

Shekarar da na fara aiki ita ce mummunar shekara. Gine-gine suka tsaya cak da ƙarafa a sama. Motocin waɗanda suka gudu suna ajiye a gefen titi, ƙura ta rufe su har yara na rubutu a gilashi. 'Yan kasuwa suka ɗauke ƙafa. Kwantenar da a da take cika cikin mako sai ta yi wata tana jiran kaya, masu kayan farko suna ta bugo waya suna zagi. Muna zaune a shago muna kallon ƙofa, wanda ya wuce da leda ma sai mun miƙe. A wannan hali ne da ƙyar muka cika guda ɗaya, ta tafi tasha, na'urar leƙen ciki ta nuna abin da ba ya cikin takarda. Aka ja ta gefe aka buɗe. Saƙo ne: batura da kwalaben turare mai ruwa, wani ya cusa a tsakiyar mayafai. Jirgin ya tafi ya bar ta. Ta zauna a rana har Sallah ta wuce. Takalman roba suka manne da juna, fatar jakunkuna ta riƙa saɓulewa kamar ɓawon dankali. Mata suka zo shago suna kuka, wata ta zauna a kan sikeli ta ce ba ta tashi. Ejan ɗin da ke sama mana wuri a jirgi, wani Ba'indiye mai yawan murmushi, ranar bai yi murmushi ba. Ya ce da Alhaji, "Sau ɗaya ne. Idan aka sake, kalas, ka nemi wani, kuma ba wanda zai karɓe ka."

Alhaji ya manna babbar takarda a bango mai hotunan abubuwan da aka hana. Muka fara tambayar saƙon ƙananan mutane. Amma saƙon manya ya ci gaba da wucewa, don ba bakin da zai tambaya.

Ni dai abin ya tsaya mini a rai, me ya sa suke tsanantawa haka? A Al Nahda muke zaune, filat ɗaya da aka yanka da katako. Maƙwabtan ɗakina Ishaya da matarsa Rifkatu, mutanen Kafanchan. Rifkatu ce ke riƙe mini Nana idan na fita, da ba don ita ba ban san yadda zan yi ba, ko da yake duk da haka ina kiranta a waya har sai ta ce, "Maman Nana, idan kika sake kira zan sa ta a kwantena in aiko miki." Ishaya kuwa a tasha yake aiki, yana gyaran kwantenoni masu sanyi. Wata Juma'a muna cin shinkafa na tambaye shi.

Ya ce, "Maman Nana, kin ga gona a ƙasar nan?"

Na ce ban gani ba.

"To tashar nan ita ce gonarsu. Jirgi ya shigo, a sauke, a loda, ya fita a kan lokaci, shi ne damunarsu. Ran da aka ce kayan da suka fito daga nan ba a yarda da su ba, fari ya zo." Ya ɗaga kofin ruwan da ke gabansa. "Wannan kuma daga ina kike zato? Tekun nan ce aka tace. Ita suke sha, ita suke kamun kifi a ciki, ita jiragen ke bi. Kin taɓa ganin mutum ya yarda a zuba masa ƙazanta a randa?"

Daga nan ya shiga lissafa mini abubuwan da ma'aikatan jirgi suke tsoro. Na zaci zai ce fetur. Sai ya ce gawayi. Na yi dariya, na ce gawayin da muke dafa abinci? Ya ce shi, musamman na zamanin nan mai kama da biskit, wanda ake kunna turaren wuta da shi, ashana ɗaya ya kama. Idan aka tara shi a rufe cikin ƙarfe mai zafi, yana iya ɗaukar wuta da kansa ba wanda ya kunna. "Ki duba," ya ce, "tsakiyar teku, kwantena a ƙarƙashin kwantenoni, ba motar kashe gobara, mutanen cikin jirgin ba su da inda za su gudu. Su ma suna da 'ya'ya a gida." Rifkatu ta ce ya bari mu ci abinci. Ni dai na ajiye cokali.

Shekaru suka ja. Kasuwa ta farfaɗo. Gwiwa ta matsa wa Mma Adiza ta koma Kumasi, ta bar mini basillarta. Na zama ni ce babba a wurin ɗinki.

A zafin 2013, bayan ƙaramar Sallah, ana haɗa kayan babbar Sallah, Hajiya Saude ta sauka. Lokacin sabunta zamanmu ni da Nana ya matso, Alhaji ya ce da an rufe kwantenar nan zai kai fasfo. Rabin kayan kwantenar na Hajiya ne. Ran da za a rufe, da hantsi, ta kira ni otal ɗinta a Al Buteen. Na tarar da ita a kan darduma, ta tambayi Nana, ta ba ni 'yar riga ta ce in kai mata. Sannan ta nuna wasu ƙunshi biyu manya a gefen gado, an ɗinke su cikin farin ƙyalle.

"Saƙon Inna ne. Ki sa a tsakiyar buhun abayata, ki ɗinke da kanki."

Inna mahaifiyarsu ce, ita da Alhaji. Na ce to.

Tun a matakala na san akwai magana. Girmansu ya fi nauyinsu. Idan na taka sai in ji wani ƙaras-ƙaras, busasshen sauti, ba na yadi ba, ba na kwalba ba. Na fito titi, zafi kamar an buɗe murhu, na bi ta bakin ruwa inda jiragen katako ke lodi, ina tafe ina canza hannu. Da na isa shago na ajiye, na duba tafina. Baƙi. Na duba bakin ɗinkin ƙyallen, ga wani baƙin gari siriri yana fitowa ta ramin allura.

Na shiga bayi na wanke hannu. Na fito na sake taɓawa, na sake yin baƙi. Na kira Rifkatu na ce Nana ta ci abinci? Ta ce yanzu fa na tambaya. Na shirya buhunan wasu, na dawo na tsaya a kan ƙunshin. Na zare zare, na mayar. Idan na buɗe, na ci amanar matar da ta tsaya mini ran da ba ni da kowa, kuma ƙaninta ne ke riƙe da fasfona. Idan na ɗinke, jan zarena ne a kai, kuma na ji abin da Ishaya ya ce. Motar sito tana zuwa bayan azahar.

Hajiya ta iso kafin motar. Shago cike, har da wata Hajiya Rabi ta Maraɗi da ke zaune a kan katan tana fifita. Hajiya Saude ta ga buhunta baki buɗe, ƙunshin a gefe.

"Zuwaira, me kike jira?"

Na durƙusa. Na ce, "Hajiya, ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba. Amma ki yi mini rai, basillata ba za ta shiga ba."

Alhaji ya ɗauki waya ya kara a kunne, alhali ba ta yi ƙara ba.

Hajiya ta ce, "Me kika ce?"

Na nuna mata tafin hannuna.

"Ni za ki tuhuma? Ni? Ƙwaya kika ga ina sayarwa, ko bindiga? Ɗanjuma, ajiye wayar nan, kana jin 'yar da na ɗauko maka!"

Hajiya Rabi ta ce, "Pardon, Hajiya, a yi haƙuri, yarinya ce. Ke kuma ɗiyata, saƙo ai ba a yi masa haka. Ɗinke mu tafi, zafi zai kashe mu."

Alhaji ya ce, "Yaya, shwayya-shwayya, a bi a hankali. Ko a bari sai kwantena ta gaba?"

"Ba ta gaba!" Ta fizgi rezata, ta tsarga ƙyallen da kanta. Suka gangaro ƙasa, dogaye-dogaye, naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Ɗaya ya fashe, baƙaƙen biskit ɗin suka watse har ƙarƙashin sikeli. "Ga shi nan. Gawayi ne. Kin gani? Hankalinki ya kwanta?"

Sai muryarta ta sauka.

"Inna ba ta gani yanzu. Tun tana amarya ba ta taɓa yin magariba ba turare a ɗakinta ba. Ƙirjinta ba ya iya hura wuta, ran nan ta sunkuya a kan kasko gefen zanenta ya kama. Wannan ashana ɗaya ne. Na kasuwar can duk ya sha laima, ba ya kamawa. A jirgin sama an ƙwace mini. Shi ne na ce a sa a ruwa. Laifina ke nan."

Na san Inna. Tana ba mu alewa muna yara. Na dai ce, "Hajiya, yana kamawa da kansa a cikin ƙarfe. Akwai mutane a jirgin." Ban sani ba ko ta ji. Ta dubi Alhaji, Alhaji ya dubi takardar da ke bango, ga hoton gawayin nan a layin ƙasa, shekara da shekaru yana wurin. Ya ɗauki basilla kamar zai ɗinke da kansa, ya jujjuya ta, ya ajiye.

Hajiya ta ce a kwashe mata abinta. Ta fita ba sallama. Na ɗinke buhun abayar ba saƙo, motar ta zo ta tafi.

Washegari Alhaji ya ce daga yau sito zan riƙa zuwa, can Ras Al Khor, wai ana bukatar mai ɗinki a wurin. Bai yi maganar fasfo ba, ni ma ban yi ba. Sito rumfar kwano ce, ba na'urar sanyi sai fanka mai hura zafi. Mota biyu nake hawa daga Al Nahda, ga cunkoson masu fitowa daga Sharja. Kullum na ji ƙarar mota a ƙofar sito sai in leƙa ko Alhaji ne. Na fara tara kwalaye a ƙarƙashin gado ba tare da na gaya wa Rifkatu dalili ba. Na auna takalman Nana da ido, wanne zai shiga jaka, wanne za a bari. A Naif kuwa labari ya zaga, wasu suna cewa na yi daidai, wasu suna cewa 'yar da aka rufa wa asiri ta tona na uwar ɗakinta. Gawayin, na ji an ce Hajiya ta rabar da shi a otal-otal, Al Buteen ta yi wata tana ƙamshi.

Inna ce ta ƙi fita daga raina. Na kira Habu. Na ce, "Baban Nana, kana zaune ba aiki, gidan Inna taku kaɗan ne daga namu. Ka riƙa zuwa kafin magariba kana hura mata kasko."

Ya ce, "Ni? Direban tirela guda, in koma hura wuta?"

Na ce, "Tirelar tana ina?"

Ya yi tsaki ya kashe waya. Amma ya je. Ba zan ce muku ban yi tunanin fasfo ba da na kira shi, na yi. Sai dai ko ba fasfo, zanen tsohuwar nan da ya kama wuta yana idona. Habu ya sayo gawayin itace mai kyau, ya riƙa hurawa a tsakar gida, idan ya yi ja ya daina hayaƙi ya kai mata ɗaki ya zuba turaren, ya zauna har ya huce. Daga baya shi da kansa yake kirana yana ba ni labarin da Inna ta ba shi. Ban gaya wa Hajiya ba, ban gaya wa Alhaji ba.

Saura kwanaki kaɗan zamanmu ya ƙare, ina tsakiyar ɗinke wata dila, Alhaji ya shigo sito yana share gumi. Ya tsaya yana kallon ɗinkin. Ya ce kwantenar ta isa lafiya, an raba kaya. Na ce alhamdu lillahi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da fasfo biyu ya ɗora a kan dilar. Na buɗe nawa, na buɗe na Nana. An buga mana sabon zama.

"Yaya ta bugo," ya ce. "Ta ce ta je gaida Inna ta tarar da wani ƙato a tsugune yana fifita kasko. Ta ce in gaya miki har yanzu ba ta huce ba."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarta."

"Ta ce kuma kayanta na gaba ke za ki ɗinka, ba wani ba. Saƙo za ta kawo shi baki buɗe, ki sa hannu ki lalube tunda ke ba ki da kunya." Ya juya zai tafi, sai ya dawo. "Af, na manta. Ta bar wannan tun ran da za ta tafi, ta ce in riƙe sai ta ce in ba ki. Amana ce, wai kada ki buɗe sai kin je gida."

Ɗan ƙulli ne cikin farin ƙyalle, an ɗinke shi da kyau. Na karɓa. Ba nauyi. Na ɗan girgiza, ya ce ƙaras. Na dubi yatsuna. Baƙi.

Bayana kwantena ce a buɗe, ana lodi. Na fita da ƙullin waje, na tsallaka titi, na ɗora shi a kan katanga a inuwa inda idona zai riƙa kai wa. Alhaji yana tsaye a ƙofar sito yana dariya har da riƙe ciki. Na dawo na goge hannuna, na ɗauki basilla, na ci gaba daga inda na tsaya.